Bairos mai kunna fitila: Yadda masana ke sarrafa maƙiyin bakteriya domin gano cuta cikin awoyi

A garuruwa da dama na Najeriya, labarin zazzaɓi kusan iri ɗaya ne. Jiki ya yi zafi, a nufi ɗakin gwaji na unguwa, a ɗebi jini, bayan awa ɗaya ko biyu a miƙo takardar da ke cewa maleriya ce da taifod. Daga nan sai kemis, inda za a ƙirgo ƙwayoyin antibayotik daidai da kuɗin da ke aljihu. Gwajin taifod ɗin da aka dogara da shi, wato gwajin Widal, wani likitan Faransa mai suna Georges-Fernand Widal ne ya fito da shi tun a 1896. Martanin da jini ya yi kawai yake aunawa, kuma wannan martani kan daɗe a jikin wanda ya taɓa kamuwa a baya, ko ya bayyana sanadiyyar wata cuta daban. Gwajin ba ya ganin ƙwayar cutar kanta, ballantana ya faɗi maganin da zai kashe ta.

Hanyar da ke ba da amsa ta gaskiya ita ce a reni ƙwayar cutar a ɗakin gwaji har ta yi yawa, a tantance ko wace ce, sannan a gwada ta da magunguna ɗaya bayan ɗaya. Wannan aiki na cin kwana biyu zuwa uku, wani lokaci fiye, kuma wuraren da ke yin sa ba su da yawa. Wani bincike da Cibiyar Daƙile Cututtuka ta Afirka da abokan aikinta suka fitar a 2022, wanda ya shafi ƙasashe 14 har da Najeriya, Ghana da Kamaru, ya gano cewa kashi 1.3 cikin 100 ne kacal na ɗakunan gwaji kusan dubu 50 ke gudanar da gwajin bakteriya.

Ba da magani bisa hasashe yana da farashi. Duk lokacin da aka sha antibayotik ba bisa ƙa'ida ba, ƙwayoyin da suka tsira sukan hayayyafa su zama masu bijire wa maganin. Binciken da mujallar The Lancet ta wallafa a farkon 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 wannan bijirewa ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a duniya, kuma yankin da abin ya fi ƙamari idan aka kwatanta da yawan jama'a shi ne Afirka ta Yamma, da mutum 27.3 a cikin kowane dubu 100. A Najeriya kaɗai ƙiyasin ya kai mutum 64,500.

Cikin hanyoyin da masana ke bi domin gajarta wannan jira akwai wadda ta fi shekara 35 ana aiki a kanta: ɗauko bairos da ke farautar bakteriya, a sauya masa umarnin gadonsa ta yadda zai fitar da haske da zarar ya shiga cikin ƙwayar da ake nema. An daɗe da tabbatar da cewa dabarar tana aiki. Abin da ya hana ta isa asibitoci ya haɗa da kasuwa, da doka, da kuma wani rauni na halitta wanda ya sa ba fasaha ba ce da za a shigo da ita a kwantena kamar janareta a kunna.

Maciyin bakteriya

Kalmar ƙwayar cuta a Hausa tana haɗa halittu biyu da suka sha bamban. Bakteriya halitta ce mai cin abinci, ta girma, ta rabu gida biyu da kanta. Ita ce ke haddasa taifod, kwalara, tarin fuka da galibin cututtukan mafitsara, ita ce kuma antibayotik ke kashewa. Bairos kuwa, irin na korona ko na ƙyanda, ƙunshin umarnin gado ne a cikin kwanson furotin, wanda ba ya iya tsinana komai sai ya shiga cikin wata halitta mai rai. Akwai na mutane, akwai na dabbobi da na tsirrai, akwai kuma wanda ba ya kama kowa sai bakteriya. Wannan na ƙarshe shi ake kira bakteriyofaj, ko faj a taƙaice, ma'ana maciyin bakteriya.

Wani masani ɗan Ingila, Frederick Twort, ne ya fara bayyana alamunsa a 1915. Bayan shekara biyu Félix d'Hérelle, wanda ke aiki a Cibiyar Pasteur ta birnin Faris, ya gano shi a bayan gidan masu murmurewa daga atuni, shi ne kuma ya raɗa masa suna. An ƙiyasta cewa yawan faj a doron ƙasa ya kai lamba 1 da sifili 31 a bayanta, wato ya fi kowace halitta yawa. Yana cikin ruwan kwata, da ƙasar gona, da teku, da hanjin ɗan Adam. Ƙanƙantarsa ta kai a jera irin wanda ake kira T4 kusan dubu biyar kafin a cika tsawon milimita ɗaya.

Yawancin faj na da kai da jela. A bakin jelar akwai wasu zaruruwa da ke laluben fatar bakteriya, kuma ba sa maƙalewa sai sun sami wata alama takamaimai, kamar makulli da kwaɗonsa. Idan sun dace, faj ya tsira wa ƙwayar umarninsa na DNA kamar allura. Nan take bakteriyar ta bar nata aiki ta koma ƙera sababbin faj, har ta cika ta fashe. T4 kan kammala wannan zagaye cikin kusan rabin awa, ya fito da 'ya'ya sama da ɗari.

Tun farko an yi tunanin amfani da shi a matsayin magani. A 1923 George Eliava ya kafa cibiya a Tbilisi, babban birnin Jojiya, wadda har yau take jinyar mutane da faj. Sai dai bayan yaɗuwar fenisilin a shekarun 1940, ƙasashen Yamma sun yi watsi da wannan hanya. Abin da ba su yi watsi da shi ba shi ne zaɓen da faj ke yi. A 1938, James Craigie da Chun Hui Yen a birnin Toronto na Kanada suka nuna cewa za a iya rarrabe nau'o'in ƙwayar taifod ta hanyar duba wane faj ne ke iya kashe wace. Shekaru da dama jami'an lafiya sun yi ta bin sawun annoba da wannan dabara har zuwa rijiyar ko mai abincin da ta samo asali.

Yadda ake maƙala masa fitila

Matakin da ya mayar da faj na'urar gano cuta ya zo ne a 1987, lokacin da Shimon Ulitzur da Jonathan Kuhn, masana a birnin Haifa na Isra'ila, suka ɗauko ƙwayoyin gadon da ke sa wasu bakteriyar teku haske cikin duhu, suka dasa su a cikin faj mai suna lambda, wanda ke kama bakteriyar E. coli.

Hikimar tana cikin raunin bairos. Tun da faj ba ya iya ƙera komai da kansa, umarnin yin hasken yana nan kwance, ba ya motsi, muddin faj na yawo a waje. Sai ya sami ƙwayar da ta dace da shi, kuma mai rai, sannan injinan ƙwayar za su karanta umarnin su ƙera sinadarin da ake kira lusifares, wanda ke fitar da haske. Hasken ba mai yawa ba ne, amma wata ƙaramar na'ura na iya auna shi. Idan samfurin fitsari ko na kaki ya yi haske, ƙwayar da ake nema tana ciki kuma tana numfashi. Idan ya zauna duhu, ko dai babu ita, ko ta mutu, ko kuma faj ɗin bai gane ta ba.

Daga nan ne babbar fa'idar ta ɓullo. A raba samfurin gida biyu, a zuba magani a ɗaya a bar ɗayan haka, bayan ɗan lokaci a zuba faj a dukansu. Idan hasken ya mutu a wanda aka zuba wa magani, maganin yana aiki. Idan duka biyun sun haska, ƙwayar ta bijire, kuma ba wa majinyaci wannan magani asarar kuɗi ce da lokaci.

Nan ne gwajin faj ya bambanta da gwajin PCR, wanda jama'a suka saba jin sunansa lokacin korona. PCR yana neman DNA ne, kuma DNA kan saura ko bayan ƙwayar ta mutu. Haka kuma idan ana son ya faɗi bijirewa, sai an riga an san sauyin gadon da ke haddasa ta an koya masa nemansa. Faj ba ya buƙatar sanin dalili. Tambaya ɗaya yake amsawa: bayan an zuba magani, ƙwayar tana da rai ko ta mutu?

Kayan aikin ma sun ci gaba. A 2012 kamfanin Promega na Amurka ya fito da NanoLuc, wani ƙaramin lusifares da aka samo daga jatan landen da ke rayuwa a ƙarƙashin teku, wanda haskensa ya ninka na makesu, ƙwaron nan mai ƙyalƙyala wuta da dare, fiye da sau ɗari. Ƙanƙantarsa ta sa yana shiga cikin kan faj ba tare da ya cushe shi ba. A yau kuma ana iya gyara umarnin faj da almakashin gado na CRISPR, ko a harhaɗa shi gaba ɗaya a ɗakin gwaji. Wani abin lura shi ne CRISPR ɗin kansa makami ne da bakteriya ke kare kanta da shi daga faj, kamar yadda masana a kamfanin Danisco suka tabbatar a 2007 yayin nazarin bakteriyar da ke daskarar da madara ta zama yogot.

Darasin tarin fuka

Babu cutar da ta fi bayyana alfanu da iyakar wannan fasaha kamar tarin fuka, wato tibi. Ƙwayarsa tana rabuwa sau ɗaya ne cikin awa 15 zuwa 20, alhali E. coli na yin haka cikin minti 20. Saboda haka renonta a ɗakin gwaji kan ci makonni uku zuwa takwas, gwajin magani kuma ya ƙara wasu makonnin. Kafin sakamako ya fito, mai nau'in da ke bijire wa magani ya riga ya yaɗa shi a gida da kasuwa, ko ma ya rasu.

A farkon shekarun 1990 birnin New York ya faɗa cikin wannan hali. Masu tibi a birnin sun kai 3,811 a 1992, kuma nau'in da ba ya jin magani ya yi ta kashe masu ɗauke da HIV a asibitoci da gidajen yari. A 1993 William Jacobs da abokan aikinsa a Kwalejin Likitanci ta Albert Einstein da ke unguwar Bronx suka wallafa a mujallar Science cewa sun dasa lusifares na makesu a cikin faj mai kama ƙwayar tibi, kuma da shi sun rage gwajin magani daga makonni zuwa kwanaki. Da yake sun san ƙasashen da cutar ta fi addaba ba su da kuɗin na'urar auna haske, a 1999 suka fito da wani akwati da suka kira Bronx Box, wanda ke ɗaukar hasken a kan fim ɗin hoto na Polaroid. Daga baya aka ƙera nau'in da ke sa ƙwayar tibi ta yi launin kore a ƙarƙashin madubin likita, kuma wani bincike da aka wallafa a 2015 ya nuna ya iya gano tibi da bijirewa ga maganin rifamfisin a kakin majinyata a lardin KwaZulu-Natal na Afirka ta Kudu.

A ɗaya ɓangaren, wani kamfanin Ingila ya kai gwajin faj kasuwa da sunan FASTPlaque. Shi bai yi amfani da haske ba. Ana haɗa kaki da faj mai suna D29, a kashe duk faj ɗin da ya saura a waje, sannan a ƙirga waɗanda suka ɓuya cikin ƙwayar tibi suka hayayyafa. Sakamako na fitowa cikin kwana biyu. Sai dai a fagen aiki gwajin ya yi fama da gurɓacewar samfur da sakamakon da ba a iya fassarawa, kuma a 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hujjojin da ke ƙasa ba su kai a ba da shawarar amfani da gwaje-gwajen faj ba.

Kafin nan ma an riga an sha gabansa. A Disamban 2010 hukumar ta amince da Xpert MTB/RIF, na'urar PCR da ke gano tibi da bijirewa ga rifamfisin cikin kusan awa biyu. Masu ba da tallafi suka zuba kuɗi, aka sauko da farashin kowane gwaji zuwa dala 9.98 a 2012, sannan zuwa dala 7.97 a 2023 bayan matsin lambar 'yan gwagwarmaya. Ita ce na'urar da shirin yaƙi da tibi na Najeriya ya dogara da ita, a ƙasar da ta fi kowace a Afirka yawan masu cutar, inda ake ƙiyasta kusan rabin miliyan na kamuwa duk shekara. Na'urar ta ceci rayuka masu yawa, amma tana buƙatar wutar lantarki mai ɗorewa da ɗaki mai sanyi, abubuwa biyu da ke da wuyar samu a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu. Kuma ba ta iya bambance matacciyar ƙwaya da rayayya, shi ya sa ba a amfani da ita wajen bibiyar ko jinya tana tafiya daidai.

Inda kasuwa ta karɓa da inda ta ƙi

A Mayun 2011 Hukumar Abinci da Magunguna ta Amurka ta amince da KeyPath, gwajin faj da ke bambance bakteriyar Staphylococcus aureus mai jin maganin metisilin da wadda ba ta ji, cikin kusan awa biyar bayan an ga alamar ƙwaya a jinin da ake reno. Ba a jima ba kamfanin MicroPhage da ya ƙera shi ya durƙushe. A 2015 kamfanin Roche na Suwizalan ya sayi GeneWEAVE, wani ƙaramin kamfanin Kalifoniya mai irin wannan fasaha, a kan dala miliyan 190 nan take da alƙawarin ƙarin da zai iya kaiwa miliyan 235. Duk da wannan maƙudan kuɗi, gwajin faj bai zama ruwan dare a asibitoci ba.

Masana'antun abinci ne suka fi rungumarsa. Tun a 1996 Martin Loessner ya ƙera faj mai haske da ke gano Listeria, bakteriyar da ke gurɓata cuku da nama, kuma a yau ana sayar da gwaje-gwajen faj na gano Salmonella da E. coli mai haɗari a nama da ganyayyaki. Dalilin a bayyane yake: mai masana'anta ya wanke injinsa da sinadari, abin da yake son sani shi ne ko akwai ƙwayar da ta tsira da rai, kuma kowace awa da kaya suka yi a sito suna jiran sakamako kuɗi ne. Ka'idojin amincewa da gwajin abinci ma ba su kai na gwajin majinyaci tsauri ba.

Sabon yunƙuri a fannin lafiya ya fito ne a 2023 daga jami'ar ETH da ke Zurich tare da Asibitin Balgrist. Masanan sun ɗora NanoLuc a kan faj da ke kama ƙwayoyi uku da suka fi haddasa cutar mafitsara, wato E. coli, Klebsiella da Enterococcus, suka gwada su a fitsarin majinyata sama da 200. Sakamako ya fito cikin awa biyar. Idan gwajin ya ce ƙwayar tana nan, kusan ko da yaushe gaskiya ne. Amma a ɓangaren E. coli, kimanin kashi 68 cikin 100 na masu ɗauke da ita kawai ya gano. Kusan ɗaya cikin uku ya kuɓuce masa.

Ƙugiya mai biliyoyin baki

Akwai wani reshe na wannan fanni da ya riga ya sauya binciken lafiya, ko da yake ba ya haske. A 1985 George Smith na Jami'ar Missouri ya nuna cewa idan aka dasa ƙwayar gadon wani furotin a cikin faj mai siffar zare, faj ɗin zai rataya furotin ɗin a jikinsa daga waje, umarnin ƙera shi kuma yana ciki. Da wannan ake haɗa tarin faj biliyoyi, kowanne da irin abin da ya rataya, a zuba su a kan abin da ake nema, misali furotin na ƙwayar cuta ko na kansa. A wanke, waɗanda ba su kama ba su tafi, waɗanda suka maƙale a hayayyafa su a karanta umarninsu.

Gregory Winter a Kambirij ta Ingila ya yi amfani da dabarar wajen zaƙulo garkuwar jiki ta ɗan Adam, kuma daga nan aka samo maganin adalimumab na ciwon gaɓoɓi, wanda aka amince da shi a 2002 ya kuma shafe shekaru yana kan gaba a ciniki a duniya. Smith da Winter sun raba kyautar Nobel ta ilmin sinadarai a 2018 tare da Frances Arnold. Masu ƙera gwaje-gwajen gaggawa na amfani da wannan hanya wajen nemo sinadaran da ke cafke alamar cuta. Bambancin wannan reshe da na gwajin haske shi ne shi ya haifi magani mai tsada da ke da masu saye a ƙasashe masu arziki.

Raunin da ke cikin ƙarfin

Kason da ya kuɓuce wa masanan Zurich shi ne zuciyar matsalar. Zaɓen da ya sa faj ba ya yin ƙarya shi ne kuma ke sa ya yi makanta. E. coli ba abu ɗaya ba ce, dubban nau'o'i ne, kowanne da irin alamar da ke fatarsa da irin makaman kariyarsa. Wasu na lulluɓe kansu da kauri, wasu na yanka DNA ɗin faj da zarar ya shigo. Faj ɗin da aka tsamo daga kwatar Zurich aka kuma gwada shi a kan ƙwayoyin majinyatan Zurich ya fi sanin ƙwayoyin can. Babu tabbacin zai gane waɗanda ke yawo a Kano, Zinder ko Kumasi, sai an gwada. Ana rage wannan giɓi ta hanyar haɗa faj da dama wuri ɗaya ko sauya zaruruwan jelarsu, amma duka biyun na buƙatar a san nau'o'in da ke yankin, a kuma riƙa sabunta haɗin yayin da ƙwayoyin ke sauyawa.

Akwai wasu matsalolin. Ƙwayar da ta lafa ba ta aiki sosai, kamar yadda ta tibi ke yi, ba ta fitar da haske mai ƙarfi. Jini na shanye haske, kaki kuma cike yake da wasu ƙwayoyin. Sinadaran da ke kunna hasken na buƙatar ajiya mai sanyi, kuma wasunsu mallakar kamfanoni ne da ke da haƙƙin ƙirƙira.

Abin da ya rage ga ƙasashen yankin

Idan faj na gida ne ya fi gane ƙwayar gida, to albarkatun suna nan a ƙarƙashin ƙafa. Tsamo faj ba ya buƙatar manyan na'urori. A shirin SEA-PHAGES da Graham Hatfull na Jami'ar Pittsburgh ya jagoranta tun 2008, ɗalibai 'yan shekarar farko ne ke tono shi daga ƙasa. Ɗaya daga cikin faj uku da aka yi wa wata yarinya jinya da su a Landan, a rahoton da ya fito a 2019, an samo shi ne a jikin ruɓaɓɓen yalo a birnin Durban. A Bangladesh kuwa, masu bincike sun wallafa a 2024 yadda suka tace ruwan kwata suka ɗiga shi a kan ƙwayar taifod da suka rena: inda faj ɗin taifod ya yi yawa, nan ne cutar ke yawo. Sun same shi da yawa a birnin Dhaka fiye da yankin karkara na Mirzapur, daidai da abin da alƙaluman asibiti suka nuna. Faj ɗin da suka yi amfani da shi ba a taɓa gadonsa ba, kuma aikin bai fi ƙarfin sashen nazarin ƙananan halittu na kowace jami'a ba.

Sai dai tarin faj ba shi da amfani idan babu tarin bakteriyar majinyata da za a gwada shi a kai, wannan kuwa ya mayar da zancen ga kashi 1.3 ɗin nan. Ƙasar da ba ta renon ƙwayoyin da ke kashe mutanenta ba za ta san ko gwajin da aka sayar mata yana ganinsu ba. Najeriya ta ƙaddamar da tsarinta na biyu na yaƙi da bijirewar ƙwayoyin cuta na 2024 zuwa 2028, kuma a Satumban 2024 ƙasashen duniya sun yi alƙawari a Majalisar Ɗinkin Duniya cewa za su rage mace-macen da ke da alaƙa da matsalar da kashi 10 cikin 100 kafin 2030. Amma alƙawarin Abuja na 2001 na ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya har yau bai cika ba, kason gwamnatin tarayya na yawo ne a wajajen kashi biyar.

Sai batun doka. Faj mai fitila halitta ce da aka sauya wa gado, don haka baya ga NAFDAC mai rajistar magunguna da kayan aikin lafiya, zai shafi hukumar NBMA da aka kafa a 2015 domin sa ido kan irin waɗannan halittu, wadda aka faɗaɗa dokarta a 2019. Duk wanda ya ga ƙurar da masarar TELA ta tayar a 2024 ya san yadda jama'a ke kallon kalmar sauya gado. A nan akwai bambancin da ya kamata a bayyana tun da wuri: a cikin kwalbar gwaji ake zuba faj ɗin, ba a jikin mutum ba, kuma ana iya ƙera shi ta yadda zai isar da umarnin haske ba tare da ya hayayyafa ba. Hukumar da ta bari jita-jita ta riga bayaninta isa WhatsApp ita za ta sha wahala.

Na ƙarshe shi ne mallaka. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta tanadi cewa ƙasar da aka ɗebi albarkatun halittarta tana da haƙƙi a ribar da aka samu. Idan aka tsamo faj daga kwatar Jakara aka aika shi waje, aka ɗora masa fitila aka dawo da shi a kwali da farashin dala, rubutacciyar yarjejeniyar da jami'a ta sa wa hannu kafin samfurin ya tashi ita ce kaɗai za ta yi magana.

Gwajin faj ba zai maye gurbin Xpert ko renon ƙwayoyi ba nan kusa, kuma tarihin FASTPlaque da KeyPath ya isa ya sanyaya gwiwar mai gaggawa. Amma tambayar da yake amsawa, ko wannan magani zai kashe wannan ƙwaya, ita ce tambayar da ake amsawa da hasashe a gaban kantar kemis dubban lokuta a kowace rana. Masu son bin diddigin lamarin na da wuraren dubawa: nawa aka ware wa ɗakunan gwajin bakteriya a kasafin jiha da na tarayya, nawa aka saki a zahiri, asibitocin gwamnati nawa ne ke iya renon jini a yau, kuma wace jami'a ce ke adana ƙwayoyin da aka samu a jikin majinyatanta. Gwajin Widal ya haura shekara 125 a duniya, kuma a unguwanni da yawa har yanzu shi ne ke yanke hukunci.